Gurbin Sunan Uwa

Shafi na 31

Masu cika min waya da saƙo tun ban karya ba, ga shi nan, ku sarara min. Na ga kun rabu gida biyu, 'yan bayan Aliyya da 'yan bayan Surayya, har da masu zagin juna a ƙarƙashin shafin jiya. Don Allah a daina, ni ma da nake rubutawa ban gama sanin bayan wa nake ba.

Wadda yau ta shigo kuma, ga inda muke. Aliyya da mijinta Sirajo sun shekara goma sha ɗaya ba haihuwa, likita ya ce mahaifarta ba za ta riƙe ciki ba. Aka haɗa ƙwanta da na mijin a asibiti, aka dasa a mahaifar ƙanwarta Surayya, bazawara da ba ta taɓa haihuwa ba. Surayya ta sauka lafiya, namiji, aka sa masa Fatihu. Jiya aka yi arba'in, yau za a je wurin lauya a mayar da sunan Aliyya a takardar haihuwa.

*

Aliyya ta fi minti goma tsaye a bakin ƙofar ɗakin ƙasa, kujerar motar jariri a hannunta, ba wanda ya ce mata shigo. A gidanta fa. Gidan da ita ta zaɓa a garin Bowie na Amurka, ɗakin da ita ta shafa wa fenti da hannunta tun cikin yana wata biyar.

Surayya na tsakiyar gado ta miƙe ƙafa, yaron yana ƙirjinta yana tsotso, ɗan hannunsa ya damƙe wuyan rigarta. Mahaifiyarsu Hajiya Kaltum, da ta taso takanas daga Kano saboda jegon, tana gefe tana fifita kunun kanwa.

"Shanye, auta. Har ƙasa."

"Hajiya, an fa yi arba'in jiya. Wallahi na gaji da kunun nan."

"Mai shayarwa ba ta gajiya da kunu. Karɓi."

Kishi ne ya turnuƙe Aliyya, kuma ba ta yaudari kanta ta sa masa wani suna ba. Kwana arba'in tana kallon wannan. Ruwan zafi na Surayya, farfesun kaza na Surayya, sannu da jiki na Surayya. Ita kuwa mai ɗan, aikinta wanke ƙananan kaya da tuƙa mota zuwa kanti sayo famfas. Da ta yi maganar zuwa wurin lauya tun a makon farko, Hajiya cewa ta yi mai jego ba ta taka waje sai ta cika arba'in, ko a Amurka ne. Aliyya ta haɗiye, ta zauna ƙirga kwanaki.

"Hajiya, ƙarfe goma lauyar ta ce."

Hajiya ba ta waiwayo ba. "Ke, ki bari ya ƙoshi mana. Takardar gudu za ta yi?"

Wannan "ke" ɗin ba baƙuwa ba ce. Aliyya ce 'yar fari, shekarunta talatin da takwas, ba ta taɓa jin sunanta a bakin Hajiya ba. Haka aka tarbiyyantar da Hajiya, haka ita ma ta yi: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ko tambayarta aka yi nata ne sai ta sunkuyar da kai. Aliyya ta kwaso wannan kunyar kaf ta tsallako teku da ita. Tun ranar suna ba ta furta sunan yaron ba ko sau ɗaya, "yaron nan" take cewa. Surayya kuwa ranar sunan har waƙa ta haɗa masa, Fatihu kaza, Fatihu kaza, don ita ƙanwar uwa ce, ba ruwanta da wata kunya.

Daga saman bene muryar Sirajo ta sauko. Hutun rabin yini ya ɗauka daga gidan rediyon da yake aiki a Washington, kuma shi ba ya shiga ɗakin da surukarsa take zaune.

"Maman Fatihu, kun shirya kuwa?"

Aliyya ta buɗe baki, idonta ya faɗa kan Hajiya, harshen ya ƙi motsi.

"Saura kaɗan," Surayya ta amsa.

Aliyya ta juyo a hankali ta zuba mata ido.

"Da ke yake?"

"Au. Na ɗauka da mu duka yake, Yaya."

"Mu duka sunanmu ke nan?"

"Kai, ku dai ba ku gajiya," in ji Hajiya. "Karɓi yaron ki sa shi a kujerar, tunda saurin kike."

Aliyya ta karɓe shi. Allah ya sani ta lallaɓa, ta tallafo kan kamar yadda nas ta nuna mata, ta manna shi a ƙirji. Yaron ya shinshina rigarta, bai ji ƙamshin da ya sani ba, ya tsandara kuka har yana shiɗewa. Ta jijjiga, ta yi masa shshsh, ta zaga ɗakin da shi. Ina. Surayya ta sauko daga gado tana gyara riga, ta ɗora yatsa ɗaya a kumatunsa, ta ce, "Haba mutumina, ya isa." Kukan ya ɗauke ɗif.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Aliyya ta shige. Ta ɗaure shi a kujerar, ta yi gaba.

A mota ita ce a gaba, Surayya da yaron a baya. Sau huɗu ta ƙirga Sirajo yana ɗaga ido yana duba madubi. Ta san yaron yake kallo. Amma madubin guda ne, Surayya ma tana cikinsa.

"Hanya dai tana gaba," ta ce.

"Me kika ce?"

"Ka ji ni."

Bai sake ɗaga ido ba har suka isa.

*

Lauyar sunanta Irene, baƙar fata ce 'yar nan ƙasar, ta manyanta, tabarau rataye a wuya. Da Turanci aka yi zaman, amma ni da Hausa zan ba ku. Ta zaunar da su a wani dogon teburi, ta leƙa fuskar yaron ta ce kyakkyawa ne, sannan ta buɗe fayil, fara'ar ta ragu.

"Da kun zo min tun cikin yana wata shida, da alƙali ya ba da umarni kafin haihuwa, da yanzu ba ma zaune a nan."

Sirajo ya gyara zama. "A gida Nijeriya aka yi dashen. Kuma tsakanin ya da ƙanwa muka ga ba sai an sa lauya ba."

"Asibiti matar da ta haihu yake rubutawa uwa, sai in kotu ta ce a canza. To, ya wuce. Na karɓo takardun asibitin, kuma na tarar da abu biyu da ba wanda ya gaya min."

Ta sa tabarau, ta dubi Aliyya.

"Ranar haihuwa wata nas ta ji Surayya tana cewa yaron na yayarta ne. Sai ta zo ta tambaye ki ko ke ce uwar. Ta rubuta cewa kin rufe fuska, kin ce a'a, ke yayar mai jego ce kawai. Haka aka yi?"

Aliyya ta tuna sarai. Hajiya na zaune a kujerar gefen gado da carbi, nas ɗin ta tsaya a kanta da allo a hannu. To ta yaya za ta buɗe baki a gaban uwar da ta haife ta ta ce ni ce uwarsa? Ko a mafarki ba ta taɓa zaton wani zai rubuta wannan ba.

"Haka aka yi," ta ce. "Amma ba haka nake nufi ba. Mahaifiyata tana wurin."

"Ba ta san yaron naki ba ne?"

"Ta sani."

"To me ya hana ki faɗa?"

Aliyya ta laluba Turancinta tana neman kunya, ta ɗauko kalmar da ta fara zuwa bakinta, irin wadda ake faɗa wa wanda aka kama da abin assha. Irene ta cire tabarau.

"Kina jin yaron abin kunya ne gare ki?"

"A'a. Wallahi a'a."

Sirajo, da fassara ce sana'arsa, kullum yana juya labarin duniya daga Turanci zuwa Hausa ba gargada, yau ya tashi juya kalma ɗaya tak daga Hausa zuwa Turanci ya kasa. Ya ce ladabi ne, ya ce girmamawa ce, ya ce a wurinmu uwar ɗan fari tana nuna kamar ba nata ba ne, kuma da hakan ake gane nata ne. Irene ta saurare shi har ya gama.

"Na yarda da ku," ta ce. "Amma alƙali takarda zai karanta, kuma takardar ta ce an tambaye ki kin musa. Kalmar da kika faɗa yanzu, kada ki sake faɗinta a kotu."

Ta zaro wata takardar, ta tura tsakiyar teburi.

"Na biyu kuma wannan ce. Na ɗauka kin san da ita, amma ba ki ambace ta ba a waya."

Aliyya ta jawo ta. Takardar rantsuwar iyaye ce, irin wadda ake ba mace da namiji da ba aure tsakaninsu su sa hannu a asibiti, don sunan uban ya shiga rajista. Ta bi layin da yatsa.

Uwa: Surayya Abdulhamid.

Uba: Sirajo Nazir.

A ƙasa sa hannu biyu, gefe da gefe, rana ɗaya, da shuɗin biro iri ɗaya.

Ta karanta sau biyu. Ita duk kwanakin nan abin da ke rarrashin zuciyarta shi ne ba ita kaɗai aka bari a waje ba. Sirajo da bakinsa ya ce mata gurbin uba ma a buɗe yake, kotu ce za ta shigar da su su biyu rana ɗaya. Ashe shi tuni ya shige, ya rufo ƙofa, ita ce a tsakar gida.

Ta ajiye Turanci gefe.

"Yaushe?"

Sirajo ya kalli teburi. "Aliyya, bari mu koma gida."

"Yaushe, na ce."

"Washegarin haihuwa. Lokacin da kika kai Hajiya gida ta yi wanka."

"Wato jira kuka yi in fita."

"Ba wanda ya jira ki fita. Matar ce ta shigo da fom, ta ce in ban sa hannu ba gurbin uba zai fita fari. Ɗana ya bar asibiti ba uba a takarda? Kin san sunan da ake kiran irin wannan yaron a gida."

"Ya fita ba ni kuwa, wannan ba komai."

"Ke kika ce musu ba ke ba ce."

Da mari ya yi mata da ya fi sauƙi. Shi ma yana faɗa ya san ya yi ɓaranɓarama, ya kai hannu zai taɓa nata, ta janye.

"Sirajo." Yau ta kira sunan gatsal, abin da ba ta yi ko su biyu ne. "Shekara goma sha ɗaya. Allurar da na sha a cikina, kai ka riƙa ƙirga min ita. Ƙwan da aka ciro, daga jikina aka ciro. Yau ga takarda, kai uba, ita uwa. Ni fa? Direba?"

"Yaya, wallahi ni ban..."

"Ke yi min shiru. Kwana arba'in kina kwance a gidana, ina wanke miki kwano, kin san da wannan a ranki. Ko sau ɗaya bakinki bai suɓuce ba."

"Yaya Sirajo ne ya ce kada a tayar miki da hankali."

"Oho. Har sirri gare ku."

Surayya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanin goyon. Yaron ya motsa a kujerarsa ya fara ƙananan kuka, kafin Aliyya ta miƙe har Surayya ta kwance shi ta ɗora a kafaɗa. Hannun Aliyya ya tsaya a iska, ta mayar da shi cinyarta.

Irene ba ta ji Hausa ba, amma ba ta buƙaci tafinta ba. Ta tura musu kwalin tishu, ta bari numfashi ya daidaita.

"Abin mai gyaruwa ne," ta ce. "Abu uku nake so. Gwajin jini da zai nuna yaron daga ku biyu ya fito. Wasiƙa daga asibitin da aka yi dashen. Sai rantsuwar Surayya cewa ta ɗauki cikin ne dominku, kuma ta yarda a cire sunanta a sa naki. In na haɗa su, ina sa ran alƙali ba zai ja ba."

"In babu na ukun fa?" Aliyya ce ta tambaya, ba ta kalli kowa ba.

"Sai shari'a, mai tsawo, kuma ba zan yi miki alkawarin ƙarshenta ba. A yau dai, a doka, Surayya ce uwarsa. Ko asibiti kika kai shi, ba ki da ikon sa hannu a yi masa allura."

Ta juya ga Surayya. "Ki sani ni lauyarsu ce, ba taki ba. Kina da damar neman taki kafin ki sa hannu, kuma ba wanda zai tilasta miki."

"Ba sai na nema ba," Surayya ta ce a hankali. "Don su na yi."

Hankalin Aliyya ya ɗan kwanta. Har ta ji kunyar tsawar da ta daka mata.

Irene ta raba musu takardu. Ta ce ita ƙa'idarta kowa ya karanta nasa da ƙarfi kafin ya rantse, don ta tabbata ya san abin da yake sa wa hannu. Sirajo ya karanta nasa da muryar labarai, tas. Aka zo kan Aliyya.

Ta fara lafiya lau. Sunanta, adireshinta, ranar aurenta. Sai ga layin da ke cewa ita ce uwar yaron, ga sunan a rubuce da manyan baƙaƙe. Ta tsaya. Hajiya ba ta nan, amma ji take kamar tana zaune a bayanta da carbi. Ta dubi takardar mai sa hannu biyu da har yanzu ke tsakiyar teburi, ta ce a ranta kunyar da ta jawo mata wannan ta ishe ta haka.

"Ni ce uwar Fatihu," ta ce. Muryar ta karye, ta sake faɗa. "Fatihu Sirajo Nazir. Ɗana ne."

Hawaye ya zubo mata shar. Ta ɗauki biro ta sa hannu har takardar tana neman hujewa. Sirajo ya sauke ajiyar zuciya.

"Saura ke," Irene ta ce wa Surayya.

Surayya ta gyara yaron a kafaɗa, ta riƙe takardar da hannu ɗaya. Turancinta ya fi na Aliyya, a nan ta yi karatun jinya, ba ta taɓa gargada a gaban Bature ba.

"Ni, Surayya Abdulhamid, mazauniyar Beltsville, na rantse cewa na ɗauki ciki ne domin yayata da mijinta. Cewa yaron da na haifa, mai suna..."

Ta yi shiru.

Irene ta leƙo. "An yi kuskure a rubutun ne?"

Surayya ta girgiza kai. Ta koma farkon layin.

"Cewa yaron da na haifa, mai suna..."

Ta sake tsayawa a daidai wurin. A hankali ta kai hannu ta jawo mayafinta, ta rufe rabin fuska, ta kawar da kai gefe.

Aliyya ta san wannan jan mayafin. A fuskar Hajiya ta tashi tana ganinsa, ita ma shi ta yi a gaban nas. Ta shiga lalube a ranta, yaushe rabon da ta ji sunan a bakin Surayya? Ranar suna ta ji. Mako guda bayan nan ta ji. Daga nan fa? Mutumina. Wannan. Ɗan rigima. Kusan wata guda ke nan, a gabanta, a gidanta, tana can tana kishin kunu da farfesu ba ta lura ba.

Ta dubi Sirajo. Ya dafe goshi da hannu biyu, shi ma ya gane.

"Ko in karanta mata wurin?" Irene ta tambaya, tana duban wannan tana duban wancan. "Suna ne kawai."

Aliyya ta miƙe, ta zagayo teburin, ta tsaya a kan ƙanwarta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Surayya, faɗi sunan."

"Yaya..."

"Sunan ɗan yayarki ne. Ranar suna har waƙa kika yi da shi. Faɗi, ki sa hannu mu tafi gida."

Surayya ta saki takardar ta faɗi ƙasa. Ta ƙanƙame yaron da hannu biyu, ta ɗago jajayen idanu daga cikin mayafin.

"Na gwada, Yaya. Wallahi kullum sai na gwada. Ba ya fitowa."

"Don me?"

"Ɗan farina ne."